Yadda za ka tambayi tururuwa ko ƙasar da aka haƙi zinare ta farfaɗo

Gonar kawuna tana ƙasar Anka, a gindin wani tudu da masu haƙar zinare suka yi wa kaca-kaca shekarun baya. Da suka tashi sun bar masa ramuka a gefen gonar, wasu zurfinsu ya fi gaba biyu. Shi da 'ya'yansa suka ƙare rani guda suna cike su da shebur da baro. Damina ta farko wurin ya yi kore shar da tafasa da rai-ɗore, tumfafiya ma ta tsiro nan da can. Ya aika aka kira ni, ya ce, "Ɗana, zo ka gani, ƙasa ta dawo." Na ce, "Allah ya sa, Kawu." Ya shuka gero. Geron ya fito, ya tsaya iya gwiwa, ya yi ja. In an yi ruwa sai ya kwanta a sama kamar a kan daɓe, ya gangara ya bar wurin. Ranar da muka je duba abin da za a iya yanka, muna tsaye shiru, sai ya nuna da sandarsa ya ce, "Ka lura kuwa? Daga gindin marken can har zuwa nan ban ga gidan tururuwa ko ɗaya ba."

Ni malamin aikin gona ne a makarantar sakandare, amma ban lura ba sai da ya faɗa. Daga shekarar nan na fara ƙirga irin tururuwar da ke wurin, duk ƙarshen damina, kuma abin da na koya shi nake so in miƙa wa duk mai gona ko makiyayi ko malamin makaranta da ramukan haƙa suka zo masa kusa. Ciyawa tana iya ruɗin ido, domin tafasa ko a kan juji ko a kan burji fitowa take yi. Tururuwa kuwa a cikin ƙasar take kwana, a nan take ajiye ƙwai, gida ɗaya yana iya shekaru a wuri guda. In ƙasar ba ta yi mata ba, ba za ta zauna ba.

Wannan dabara ba ni na ƙirƙiro ta ba. A Ostiraliya wani masanin ƙwari, Jonathan Majer, ya wallafa bayani a 1983 kan yadda ake amfani da tururuwa a gane ko filin da aka haƙi ma'adinai yana warkewa, kuma har yau ana bin wannan hanyar a ƙasashe da dama. Irin tururuwa da masana suka sa wa suna a duniya sun haura 14,000, kowace da abincinta da irin wurin da take so. A can Ostiraliya ɗin dai, wani gwaji da aka wallafa a 2011 ya nuna gonar alkama a busasshen yanki da aka bar mata tururuwa da gara ta fi wadda aka kashe mata su yabanya da kashi 36 cikin 100, musamman saboda ramukansu suna shigar da ruwa cikin ƙasa. Abin da geron kawuna ya rasa ke nan.

Kafin ka ɗauki komai, ga maganar da ta fi duk sauran nauyi. Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an tuna mana 2010 ba, lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma ce ke kashe yara a Dareta da Yargalma da Abare da wasu ƙauyuka, har aka rasa yara sama da 400. Bagega ma sai a 2013 aka kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa. Dutsen da ake niƙawa don zinare shi ne ke ɗauke da dalmar, kuma ƙurarsa ce ke shiga jiki. Saboda haka kada ka je da ƙaramin yaro, kada mai ciki ta shiga aikin nan. Kada ka zauna a inda aka taɓa kafa injin niƙa ko inda aka yi wankin zinare da zaiba. Rufe hanci da baki, kada ka ci goro ko wani abu a wurin, ka wanke hannu da sabulu, takalmin da ka je da shi ka bar shi a waje. Kuma ka riƙe wannan da kyau: ganin tururuwa a wuri ba ya nufin babu dalma. Akwai masu jure ƙasa mai guba. Ƙirgar nan tana gaya maka ko ƙasa tana da rai ne kawai. Sanin ko akwai dalma sai an kawo na'urar awo, irin XRF ɗin da aka yi aiki da ita lokacin kwashe ƙasar ƙauyukanmu.

Sai maganar mutane. Ka fara zuwa wurin mai gari da mai gonar ka faɗi abin da za ka yi dalla-dalla. Mutum yana durƙushe kusa da rami yana rubutu a takarda, a ƙasarmu da halin da ake ciki, wani zai ɗauka zinare yake nema, wani zai ɗauka wani abin ne daban. Inda ba a shiga saboda tsaro, kada ka shiga. Bakin ramin da ba a cike ba kuma ka ba shi tazara, yana zabtarewa bayan damina.

Yanzu zaɓi wurare uku. Na farko inda aka haƙa aka bari ko aka cike. Na biyu gefensa, inda ba a tona ba amma babura da manyan motoci sun tattake, an sare itatuwa don girki da tokare rami. Na uku wurin da diga bai taɓa ba, saura ko makiyaya mai kalgo da sabara da gamba. Wurin na ukun nan shi ne ma'auninka, don haka ka natsu wajen zaɓensa: ƙasarsa ta zama iri ɗaya da ta wurin haƙar. In ramin a kan tudu mai tsakuwa yake, kada ka kwatanta shi da fadama, domin fadama ko ba a taɓa ta ba tururuwarta daban ce. Ya kasance nesa da ramin da kamar mita 200 ko fiye, amma ba wata ƙasa daban ba.

Lokacin da ya fi shi ne Satumba zuwa farkon Oktoba, ƙasa da sauran laima, ciyawa ta fara zubar da 'ya'ya. Da hunturu ya kankama da yawa sukan lafa a cikin gida, sai ka ɗauka babu su. Duk wuraren ukun kuma a rana ɗaya ko a jere za ka yi su, a sa'o'i iri ɗaya.

Ka san waɗanda za ka nema. Mu Hausawa muna da sunaye masu kyau, kuma sun ishe ka fara aiki. Akwai tururuwa ta ainihi, mai babban kai, wadda masana ke kira Messor, mai share fili kewaye da bakin raminta ta tara ƙaiƙayi a gefe, da hanyoyinta a share kamar turba. 'Ya'yan ciyawa take tarawa, har tsofaffi suna ba da labarin yadda aka riƙa tona gidanta ana neman tsaba a shekarun yunwa. Manomi yana jin haushinta a masussuka, amma ganinta yana nuna akwai ciyawa mai 'ya'ya da ƙasar da ke tonuwa. Akwai gwano, baƙi, babba, mai wari, wanda daga tafiyarsa muka samo kalmar jerin gwano. Layi suke yi su je su far wa gara su dawo da ita a baki. Akwai kwarkwasa, mai son laima da inuwa. Akwai shazumami mai dogayen ƙafafu da ke fitowa da dare neman zaƙi. Akwai wata ƙarama da ke zama a jikin itace, in ka taɓa reshen sai ta ɗaga gindinta sama, ita ce Crematogaster. Akwai wata mai gudu kamar walƙiya da tsakar rana a kan ƙasa mai zafi lokacin da kowa ya ɓuya, Cataglyphis. Sai cinnaka da bai san na gida ba, da kiyashi iri-iri, ja da baƙi. Gara ba tururuwa ba ce, ta fi kusa da kyankyaso a dangi, amma ka rubuta duk surin da ka gani da duk itacen da ta yi wa rufin ƙasa, domin rayuwar gwano a kanta take.

Wadda ba ka san sunanta ba, sa mata naka: ja ƙarama mai sheƙi, baƙa mai gashi, mai kai kamar guduma. Abin da ake so shi ne ka iya bambanta wannan da waccan, kuma sunan da ka sa bana shi za ka yi amfani da shi baɗi. Ka kula da abu ɗaya da ke ruɗin mai farawa: a gida guda ana samun ƙanana da manya masu ƙaton kai. In ka ga suna tafiya a layi ɗaya suna shiga rami ɗaya ba faɗa, iri ɗaya ne.

Masana sun fi amfani da kofin roba da ake binnewa daidai da fuskar ƙasa, a zuba ruwan gishiri da ɗigon sabulu, a bar shi awa 48, duk abin da ya faɗa ya mutu a kai ɗakin bincike. Wannan ya tsaya mini a rai. Akwai hadisin Ibn Abbas da Abu Dawud ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda da wani tsuntsu. Kuma ga sura sukutum mai sunanta a Alƙur'ani, inda ta yi magana Annabi Sulaiman ya ji. Ɗalibin jami'a da aikinsa ya tilasta masa ajiye samfur ya tambayi malaminsa na addini, ya ɗauki kaɗan gwargwadon buƙata. Mai gona kuwa ba ya buƙatar kashe ko ɗaya, kuma hanyar da nake bi ke nan.

Ka yanka farin kwali ko takarda mai kauri gida 30, kowane kamar tafin hannu, goma ga kowane wuri. Ka tanadi kifin gwangwani ɗaya, zuma ko sukari da aka dama da ruwa kaɗan, da dakakken ƙuli-ƙuli ko tsabar gero da aka ɓarza. Sai littafi da fensir, agogon waya, da tocila. Ka ja layi miƙaƙƙe a wurin, ka ajiye kwali ɗaya duk bayan taku 12 zuwa 13, wato kusan mita 10, don kada gida ɗaya ya mamaye maka kwali biyu. A kan kowane kwali ɗan kifi kamar ƙwayar wake a kusurwa ɗaya, ɗigon zuma a wata, ƙuli-ƙuli a ta uku. Ka danne gefen kwalin da ƙasa ya kwanta sosai. Wannan ƙaramin abu ne amma yana da tasiri: in gefen ya ɗaga, ƙananan sukan shige ƙarƙashi, ba ka ganin su.

Ka fara da misalin ƙarfe 7 na safe. Zagaye na farko bayan minti 15, na biyu a minti 30, na uku a awa ɗaya. Kada ka tsallake na farkon. Akwai masu saurin gano abinci amma ba su da ƙarfin riƙe shi. Suna zuwa su ɗiba, can sai kiyashi masu manyan kai su iso da rundunarsu su kore kowa. Na taɓa durƙusawa a kan kwali ɗaya a saurar da ke bayan gonar kawuna ina kallon wannan da idona. Wata siririya baƙa ta fara zuwa ita kaɗai, ta taɓa kifin da gashin kanta, ta yagi ɗan tsoka ta ruga. Shazumami biyu suka kafa baki a ɗigon zuma har cikinsu ya kumbura ya yi haske. Kafin awa ta cika, ja-jan kiyashi sun rufe kifin ruf, sojojinsu sun kewaye gefen kwalin da baki a buɗe. Wanda ya zo a ƙarshe kawai zai rubuta iri ɗaya, alhali uku suka ci a wurin.

A kowane zagaye ka rubuta lambar kwali da irin da ka gani. Ka ɗauki hoto da waya, ka ajiye tsinken ashana a gefe don a gane girma. In wurin yana kusa da gari kuma akwai kwanciyar hankali, ka maimaita bayan magariba da tocila, domin masu aikin dare daban ne. In babu hali, bar shi. Da ka gama ka kwashe kwalayenka, kada awaki su cinye.

Gwano da kwarkwasa ba kasafai suke zuwa kan kwali ba, don haka sai ka bi su. Ka ware minti 20 cif a kowane wuri, ba ƙari ba ragi, kana tafiya a hankali: ɗaga dutse da sanda saboda kunama, ka mayar da shi yadda yake, tona busasshen ganye a gindin kalgo, duba jikin kututture da rassan duk itacen da ya rage, ƙirga bakin ramukan tururuwa. Mutum ɗaya ya yi neman a duk wuraren uku, saboda ido ya bambanta. In kana son ƙari, binne kofunan roba masu santsin ciki babu ruwa, bakinsu daidai da ƙasa, ka yi musu 'yar rumfa da kwali saboda rana, ka riƙa dubawa duk bayan awa biyu kana juye su a farin faranti, ka duba, ka sake su a inda ka same su.

Wajen lissafi mutane suka fi kuskure. Kada ka ƙirga kawuna. Kwalin da ya faɗa kusa da gidan kiyashi zai tara dubu, wannan bai gaya maka komai ba. Abu biyu za ka fitar: iri nawa ka gani a kowane wuri gaba ɗaya, sannan kowane iri a kwali nawa cikin goma ya bayyana. A ce a saura ka samu iri goma sha biyu, babu wanda ya wuce kwali biyar, a kan ramin kuma iri uku, ɗaya daga ciki yana kan kwali tara. Ramin zai iya fin saurar yawan tururuwa a ido, amma shi ne matalauci.

Daga nan ka duba waɗanda suka ɓace, domin kowane rashi yana nuna ɓarna iri guda. Haƙa tana juya ƙasa ne: baƙar ƙasar sama mai taki da iri da saiwoyi ta koma ƙarƙashi, jar ƙasa da tsakuwa su hau sama. In babu tururuwa mai tara tsaba, ko dai ƙasar ta daskare ba ta tonuwa, ko ciyawa mai 'ya'ya ba ta dawo ba. In babu masu zama a itace, ai an sare marke da ƙirya da taura. In babu gwano, duba ko akwai gara. In ita ma babu, wurin ba shi da busasshen itace da kara da kashin shanu da za ta ci, ko an farfasa surin. In kwarkwasa da ƙananan da ke cikin ruɓaɓɓen ganye sun ɓace, inuwa da laima ne suka tafi. Wurin da aka yi wanki kuwa, laka mai laushi takan bushe ta yi ɓawo ta toshe komai, shi ne na ga ya fi daɗewa babu motsi. Waɗanda sukan rage su ne mai gudun tsakar rana, da ke son fili tsirara, da cinnaka da kiyashin da ke bin ragowar abincin sansanin masu haƙa. Ganin su da yawa ba albishir ba ne. Kuma kada ka yi mamaki in wurin na biyu, na gefe, ya ba ka iri da dama: yana haɗa na fili da na daji ne. Abin dubawa shi ne ko irin da ke saura su ne ke dawowa kan ramin.

Abin da muka yi a gonar kawuna bayan ƙirgar farko ba sabon abu ba ne. Mun daina zuba gero a wurin. Mun tona tassa irin ta mutanen Tawa a Nijar, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki da rani don gara ta zo ta huda ƙasa, muka shimfiɗa karan dawa da rassan sabara a tsakani, muka hana a share ko a sa wuta. Duk kututturen kalgo da ya toho mun bar shi. Mun dasa gamba a bakin gangaren. Maganin ƙwari kuma bai ƙara zuwa kusa ba. In da a ce tun farko an kwashe ƙasar sama an tara ta gefe guda kafin a fara haƙa, a mayar da ita a ƙarshe, da aikin bai kai haka ba, kuma wannan sharaɗi ne da ya kamata duk mai gonar da aka zo neman izinin tona masa fili ya kafa a gaban mai gari.

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Ramuka za su ƙaru. Don haka in gonarka ko makiyayar garinku tana kusa da inda ake rade-radin akwai zinare, ka yi ƙirgar nan tun diga bai iso ba, ka rubuta kwanan wata, ka ajiye littafin da hotunan. Shi ne kawai zai nuna yadda wurin yake a da, ranar da wani ya cike rami ya ce ya gyara.

A Oktoban da ya wuce, kwali na shida a layin ramin ya faɗa kusa da wata tassa da karan da ke kanta ya rufe da ginin gara. Ina rubuta zagaye na biyu sai na ji wari, na ɗaga kai. Gwano ne, a jere, sun fito daga wajen marken sun nufo karan. Na kira Kawu daga inda yake yankan gamba. Ya zo ya tsuguna, ya ajiye laujensa, muka bi su da ido har suka juya, kowane da gara a baki. Ya ce, "Rubuta." Na rubuta, na sa ƙarfe 7 da minti 40. Tururuwa mai tara tsaba dai har yanzu gidanta mafi kusa yana can cikin saura, don haka bana ma wake kawai za mu gwada a cikin tassar, geron sai mun ga ta tako.